Wa Zai Biya Wa Mai Lauje Kuɗin Mota?

Tun ranar da na rubuta cewa ya kamata gwamnati ta riƙa tallafa wa 'yan ƙwadagon gona da kuɗin mota da wurin kwana a lokacin yankan shinkafa da tsinkar tumatir, wayata ba ta huta ba. Mai shayin unguwarmu ya daina kirana da sunana. Da ya hango ni sai ya ɗaga kofi ya ce, "Sannu da zuwa, Kwamishinan Tabarma!" Sunan kuwa ya bi ni. Ranar Asabar na je ɗaurin aure Rano, ina sauka daga mota wani saurayi da ban taɓa gani ba ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, an fara rubuta sunayen ne?" Na ce sunayen su wa? Ya ce na masu kwana.

To, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Yau zan zauna in amsa wa kowa, kuma da mutanen Kibiya zan fara, don sun fi kowa zaƙewa. Mahaifiyata 'yar can ce, 'ya'yan kawunnaina taubasaina ne, saboda haka duk abin da na gaya musu babu alƙalin da zai saurari ƙararsu.

Babban cikinsu ya aiko mini da cewa: "Kai ɗan Rano, ka daɗe a birni har ka fara mafarki da rana tsaka. Yaushe aka fara ƙarancin mutane a Kano, jihar da ta zo ta ɗaya a ƙidayar 2006? Zo Kibiya ranar kasuwa ka jefa allura sama, ka gani ko za ta taɓa ƙasa."

Na ji, taubashi. Mutane kam akwai su, Allah ya ƙara albarka, kai kaɗai ma ka ba da gudunmawar goma sha ɗaya. Amma ina manyan ukun? Ɗaya yana Abuja yana tura baro, ɗaya yana jan A Daidaita Sahu a Kano, na ukun rabon da a ji ɗuriyarsa tun da ya bi masu haƙar zinariya. Kai kuma rabonka da lauje tun kana da gashi a tsakiyar ka. Masu ƙidaya kawuna suka ƙirga, gona kuwa hannu take nema, kuma a ranar da ta ga dama.

Bari in yi maka bayani dalla-dalla, tunda ku mutanen tudu ne, dawa da gyaɗa kuka sani, sai an koya muku halin ruwa. Ruwan da ke fitowa daga madatsar Tiga ya biyo babban kanal ta Ruwan Kanya ya gangara Bunkure da Kura da Garun Malam, kusan lokaci guda yake isar wa kowa. Kowa ya yi dashe a 'yan makonni guda, shinkafar kowa ta nuna a 'yan makonni guda. Gonar da mutum biyu suka ishe ta ban ruwa da feshi har wata uku, rana ɗaya sai ta wayi gari tana neman mutum goma sha biyar: masu yanka, masu tarawa, masu bugu a jikin ganga, mata masu shiƙa, masu ɗinkin buhu, masu dako zuwa bakin hanya. Maƙwabcinka na dama haka, na hagu haka. Bayan sati uku kuma kasuwa ta watse, ko kyauta ka ce za ka yi yanka babu mai ba ka.

Bara na ga wannan da idona a gonar wani ƙanen mahaifina. Shinkafa ta nuna ta yi jawur, ta sunkuyar da kai. Ya yi jinga da wasu samari tara, har sun karɓi kafin alƙalami, wani ya ƙara musu kuɗi suka bi shi. Kwana shida tsohon nan yana sammakon tasha yana dawowa shi kaɗai. Ranar da aka samu masu yanka, da lauje ya taɓa kara sai ka ji tsaba na zuba ƙasa kamar yayyafi a kan kwano. Jan baki sun ci rabonsu, ƙasa ta ci nata, mata masu kala suka yini suna sa masa albarka. Da yamma ya tsuguna ya damƙi ƙasa ya buɗe tafin hannunsa, rabi laka rabi shinkafa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya kakkaɓe hannu ya ce mu je mu yi sallah. Ita shinkafa ma tana da kawaici. Tumatir in bai shiga kwando yau ya kama motar Kwanar Gafan ba, jibi ruwa za ka kwasa.

Da can 'yan cin rani ne ke cike wannan giɓi, daga Jigawa da Katsina da Bauci, har Damagaram da Maraɗi. Sai aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka rufe iyaka, ba a buɗe ta ɓangarenmu ba sai Maris na 2024. Ga naira ta faɗi, wanda ya tara ta a nan in ya je canji zuwa sefa sai ya ga guminsa ya ƙafe a hanya. Ɗan ƙwadago kuwa ya fi akanta iya lissafi. In zuwa da dawowa za su cinye ladan sati guda a aikin sati uku, sai ya gyara zama a gindin bishiyar garinsu. Ka ga inda kuɗin mota ya shigo maganar, taubashi, ba aljanu ne suka raɗa mini ba.

Sai wani Alhaji mai sayen shinkafa yana kai wa injina. Shi nasa gajere ne: "Gwamnati ba uwar kowa ba ce. Kuma ɗan ƙwadago ya saba, duk inda dare ya yi masa nan ne ɗakinsa."

Ranka ya daɗe, Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Shinkafar da kake lodawa, da ruwan rijiyar gidanku aka noma ta? Gwamnati ce ta gina Tiga, aka kammala a 1974 zamanin Audu Bako, ita ta haƙa kanal aka tsara shayar da hekta 22,000 a kashin farko. Da kanal ɗin suka tsufa, rancen Bankin Duniya aka ci aka gyara su. A rage wa manomi kuɗin taki, ba ka ce komai ba. A raba injin ban ruwa, kai ne a sahun gaba da babbar riga. A Oktoban 2023 gwamnatin Kano ta aurar da ma'aurata 1,800, har da gado da katifa, duk muka ce madalla. A Disambar shekarar gwamnatin tarayya ta ɗauke wa matafiya hutun ƙarshen shekara rabin kuɗin manyan motoci, jirgin ƙasa kuma kyauta. A 2024 kowane maniyyacin Kano ya samu tallafin naira 500,000, Allah ya karɓi ibada. Duk wannan gwamnati tana uwa. Sai da aka zo kan tabarmar mai lauje ta zama kishiyar uwa?

Batun sabo kuma, Alhaji, ina gayyatarka. Wata asuba cikin hunturu na bi ta wani ƙauye a bakin kanal, na haska fitilar waya a barandar wani shago. Mutum goma sha ɗaya na ƙirga a jere. Rabinsu sun zura ƙafafu cikin buhunan taki har ƙugu, wannan shi ne bargon. Kowa ya yi matashi da takalminsa, laujensa a ƙarƙashin haƙarƙari, ɗan abin da ya tara yana ƙulle a mazugin wando. Na ƙarshen layi yaro ne da bai wuce shekara goma sha bakwai ba, haƙoransa na haɗuwa saboda zazzaɓi, yayansa ya cire rigarsa ya lulluɓa masa, shi ya zauna ya rungume gwiwa yana jiran kiran sallah. Wanka a kanal, wanki a kanal, ga sauro ga tsargiya. Ƙarfe bakwai duk suna cikin laka, har mai zazzaɓin. In wannan ne sabo, Alhaji, zo mu saba tare dare ɗaya. Ni zan kawo buhun.

Akwai wasu mutum biyu da na so a ce na haɗa su ɗaki guda na kulle. Na farko malamin makaranta ne, ya ce, "Wannan abu ba a taɓa yin sa a ko'ina a duniya ba." Na biyu wani dattijo ne a masallacinmu, ya ce, "Wannan kwaikwayon Turawa ne, ba al'adarmu ba." Ku sasanta tsakaninku tukuna: ba a taɓa yi ba, ko Turawa sun riga mu?

Allah gafarta Malam, an yi. Tun 1966 Kanada take ɗauko ma'aikatan gona daga Jamaika, daga baya aka ƙara da Meziko, kuma sharaɗi ne mai gona ya ba su masauki. A Afrilun 2020, korona ta kulle duniya, Jamus ta buɗe ƙofa ga ma'aikatan gona har 80,000 cikin wata biyu, akasarinsu daga Romaniya, a jirgin sama aka kwaso su don kada amfani ya lalace a gona. A Nuwambar shekarar Ostareliya ta ce duk ɗan ƙasa da zai tafi karkara aikin girbi za ta mayar masa da kuɗin tafiya da na masauki har dalarsu 6,000, baƙo mai biza kuma 2,000. Har da darasi a ciki: da farko mutane ƙalilan suka amsa, don an ce sai ka je da kuɗinka ka yi aikin sati shida kafin a biya ka. Wanda ba shi da na zuwa, me alkawarin na dawowa zai yi masa? Dole suka sassauta sharaɗin a 2021. A nan Afirka ta Yamma ma, zamanin mulkin Faransa, an riƙa rage wa masu zuwa noman gyaɗa Sanagal kuɗin jirgin ƙasa duk damina. Malam, a ƙara wannan a darasin gobe.

Shi kuma Baba na masallaci, da girmamawa nake cewa: ku kuka ba mu labarin fatake. Ayarin da ke tafiya Gwanja sayen goro, a ina yake kwana? Kowane gari na kan hanya yana da zango, da sarkin zango, da mai masauki, kuma da sanin sarkin gari ake yi, don ya san baƙo arziki ne. Har yau unguwannin Hausawa a Kumasi da Ankara sunansu zango. Kakanninmu da suka tafi Makka a ƙasa, da yawa sun yada zango a Sudan sun tsinci auduga a Jazira bayan an buɗe madatsar Sannar a 1925, wasu jikokinsu na can har gobe. Zauren mai unguwa ma don wa aka gina shi da faɗi haka? Saukar baƙo tamu ce tun kafin Bature ya san hanyar Kano. Abin da ya canza shi ne yanzu zaurukan sun zama shaguna, baƙin kuma sun fi ƙarfin zaure ɗaya.

Wata Hajiya daga Rurum ta kira ni, ba ta ko bari na gama sallama ba. "Kai da rubutunka duk maza! Wa ke shiƙa? Wa ke tsinkar tumatir da barkono? Ka taɓa ganin yadda ake loda mu a bayan a-kori-kura da asuba, wata da goyo, ƙafa na reto a waje?"

Ranki ya daɗe, na gani, kuma na ci gyara. Nan ba ni da bakin zolaya. Mata ba kwana suke yi a gona ba, su mota ce matsalarsu, da inuwar da za a kwantar da yaro, da wurin kewayawa, wanda duk faɗin gonakin nan sai a yi tafiya mai nisa ba a ga ko ɗaya ba. Duk shirin da aka yi ba a sa wannan a gaba ba, rabin ma'aikatan aka manta. Na karɓi laifina, Hajiya, a yi mini sassauci, goron tara yana nan tafe.

Wani matashi mai digiri ya ce in daina wahalar da kaina, motar girbi ta kusa korar lauje. Allah ya kawo ta, ɗana, muna maraba. Amma ka taɓa ganin ta shiga 'yar gonar da ba ta kai rabin eka ba, ruwa kwance, kunya ko'ina? Ka taɓa ganin ta tsinki tumatir ta bar ɗanye? Ranar da ta koyi dashe da tsinka da ɗaukar buhu a ka ta bi gefen kanal, ka kira ni, ni zan fara yi mata kirari.

Na bar mai zafin a ƙarshe. Wani tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma, wanda ya yi shekara talatin da biyar yana ganin yadda takarda ke cin kuɗi, ya rubuto: "Yaro, ranar da aka ware kuɗin nan, za ka ga 'yan ƙwadago dubu hamsin a takarda, cikinsu har da matar kansila da jaririnta. Za a ba ɗan kwangila ginin masauki, ya yi harsashi ya gudu, awaki su tare. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi."

Baba, wallahi ban da amsar da za ta kayar da ku. Na ma ƙara muku da wata: duk lokacin da hukuma ta ce za ta kwashi talaka ta kai shi aiki, tsofaffi sukan tuna ɗiban gwamna, lokacin da aka tilasta wa mutanenmu zuwa haƙar kuza a Jos tsakanin 1942 da 1944, sanyi da cuta suka kashe da yawa. Tsoronku yana da asali. Amma ba a hana tuwo don akwai ƙuda, rufe kwano ake yi.

Ga yadda nake ganin za a rufe shi. Kada a ba kowa kuɗi a hannu, kada a buga fom, kada a gina bene. Rumfar kwano mai katanga, da famfo, da bayan gida na maza da na mata, da gidan sauro, a wurare uku ko huɗu da kowa ya san nan 'yan ƙwadago ke taruwa. Abin da ido zai gani, wanda in babu shi yaro ma zai ce babu. Riƙon wurin a hannun ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwan kanal, don su ne shinkafarsu ke zuba in baƙi ba su zo ba, su ma su sa nasu kason. Dagaci da mai unguwa su san wanda ya sauka da garin da ya fito, wanda hakan ma ya amsa wa masu cewa za a tara mana baƙin fuska: baƙon da aka rubuta sunansa ya fi wanda ke kwana a baranda ba a san da shi ba. Mota kuma a makonnin yanka kaɗai, a yi ciniki da shugabannin tasha, a biya direba bayan ya sauke mutane an ƙirga su a gaban manoma. Rano da Bunkure da Kibiya mazaɓar tarayya ɗaya ce, tun 2024 kuma su ukun ne masarautar Rano. Ga masu tudu da hannu, ga masu kanal da aiki, ga sarki ɗaya. In za a gwada abin kaka ɗaya a gani, ina ya fi nan? Za a ci wani abu a ciki, Baba, na sani. Amma satar famfo ta fi satar suna a takarda wuya.

Cikin duk waɗanda suka tanka mini, mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba. Wani ɗan ƙwadago ne daga wajen Gumel, na same shi yana wasa lauje a kan dutse, na karanta masa abin da na rubuta. Ya saurara har ƙarshe, ya gwada kaifin a farcensa, ya ce, "Malam, rumfar tana da kyau. Amma ka gaya musu kada su ce tunda an ba mu wurin kwana za su rage jinga. In ana biyanmu daidai, a kan lokaci, ko a ƙafa ma za mu zo." Manoma, kun ji. Wannan saƙon naku ne, har da ƙanen mahaifina. Kada gwamnati ta kawo muku mutum a mota, ku kuma ku ce ya dawo bayan kasuwa ya karɓi kuɗinsa.

Saura kai, taubashi. Ko ka ƙi ko ka so, yanzu gaisuwar Sallah Rano kake kawowa, saboda haka ka rage ɗaga murya. Kuɗin sharar da nake binka na shekara uku na yafe, bisa sharaɗi ɗaya. In shinkafa ta nuna bana, zan aiko maka da kuɗin mota daga aljihuna, tunda gwamnati ba ta fara ba. Ka zo da laujenka, in tsatsa ta bar wani abu. Za ka yi yanka yini ɗaya, ka kwana a barandar nan dare ɗaya, a ƙarshen layi inda iska ke shigowa. Da asuba zan zo da shayi da biro da takarda. Ina so in ga sunan wa za a fara rubutawa a cikin masu neman tabarma.